Karnuka uku a littafin Malam Garba

Malam Garba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon kowa ya faɗa mini gaskiya, kada a ji nauyin furfurata. Kun san tun da na yi ritaya daga koyarwa nake fama da rubuta tarihin rayuwata. Na fara yadda kowa ke farawa: an haife ni shekara kaza, na shiga firamare shekara kaza, na yi aure, na haihu. Na cika littattafan rubutu biyu, da na dawo na karanta sai na ji kamar takardar neman aiki. Ran nan na zauna kan babin mahaifina, alƙalami ya ƙi tafiya sam. Sai na ce bari in fara da Duna, baƙin karen da yake da shi lokacin muna zaune a barikin kuza wajen Barikin Ladi. Wallahi kafin kiran assalatu na rubuta shafi goma sha ɗaya, kuma a cikinsu ne na fara ganin mahaifina tsaye da ƙafarsa.

Yanzu zuciyata ta karkata ga in gina littafin duka a kan karnuka uku da na zauna da su: Duna na yarinta, Barde na lokacin da nake koyarwa a ƙauye, da Barsu wadda take gidana har 2001. Uwargida ta ce mutane za su ce na zautu. Babban ɗana ya ce in tausaya musu, kada a riƙa nuna su ana cewa ga 'ya'yan mai littafin kare. Me kuka gani?

Shamsu: Wa'alaikumus salam Baba. Tunda ka ce a faɗi gaskiya, ni dai ina bayan ɗanka. Bahaushe in zai ci mutuncin mutum kare yake kira. Ɗan kare, karen farauta, duk ba yabo ba ne. Kai da ka yi shekara talatin da biyar kana koyar da yara, ɗalibanka sun cika garin nan, a ce abin da za ka bar musu labarin karnuka ne? Wannan rubutun Turawa ne, su da karensu ke kwana kan gado. Wa zai saya a nan?

Hajiya Binta: Shamsu ka yi a hankali, da babanka kake magana. Amma Malam ni ma gabana ya faɗi da na karanta.

Kawu Iliya: Shamsu ɗana, a birni aka haife ka shi ya sa. Wa ya ce maka Bature ne ya kawo mana zama da kare? Mahaifina mafarauci ne. Da rani in an buga gangar farauta, karnukansa biyar ke gaba, kowanne da sunansa, kowanne da layarsa a wuya. In sun kama zomo ko gada, kayan cikin nasu ne, ba mai taɓawa, haƙƙinsu ne. Na ga ranar da gursunu ya farke cikin ɗaya daga cikinsu, tsohon nan ya saɓo shi a kafaɗa tun daga daji har gida, ya ɗinke shi da hannunsa. Je ka rugar Fulani ka gani ko akwai wadda ba kare. Wanda ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, ai mutum ne da ya zauna da kare ya san halinsa. Muna da su tun kaka da kakanni, rubutawa ne kawai ba mu yi ba, saboda masu alƙalami 'yan birni ne, masu karnuka kuwa suna daji.

Shamsu: Kawu na yarda da farauta. Amma amfani da kare daban, so daban. Baba fa maganar shaƙuwa yake yi.

Kawu Iliya: Wanda ya saɓo kare a kafaɗa tafiyar awa biyu, me za ka kira abin da ke zuciyarsa?

Malam Auwal: Bari in sa baki ta ɓangaren da na ɗan karanta, don na ga nan ne hankalin Hajiya ya tafi. Abu biyu ake haɗawa, alhali kowanne da hukuncinsa: ajiye kare, da kuma yadda ake kallonsa.

Ajiyewa tana da iyaka. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Risala da muka karanta a zaure ma ta hana ajiye kare a gidajen birni, sai don gona ko dabbobi ko farautar neman abinci. Amma masu sharhin Risalar sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi yana tsoro, kare ya ajiye. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Daga irin wannan malamai da yawa suka halatta karen gadi in akwai bukata.

Kallonsa kuwa, mu Malikawa a wajenmu kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki, Malik ya ɗauke shi umarni ne na bauta da ake bi. Shafi'awa ne suka tafi kan najasarsa. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. A Suratul Kahfi an ambaci karen samarin nan sau huɗu, sau ɗaya a aya ta 18 yana shimfiɗe da zira'insa a bakin kogo, sau uku a aya ta 22 ana ƙidaya shi tare da su. Ga mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. To in an ba mu labarin kare a Alƙur'ani da hadisi, ban ga inda aka hana Malam Garba ba da nasa ba.

Hajiya Binta: Allah ya gafarta Malam, to hadisin mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare fa? Shi ne ke tsaye mini a rai.

Malam Auwal: Ingantacce ne Hajiya, ba a wasa da shi. Malamai sun yi saɓani ko ya haɗa da karen da aka halatta ajiyewa. Khaɗɗabi ya ce bai haɗa ba, Nawawi ya ce ya game duka. Shi ya sa iyayenmu suke ware masa wuri a waje.

Malam Garba: Na gode Malam. Hajiya, ko ɗaya a cikin ukun bai taɓa taka ɗakina ba. Wurinsu bayan zaure, kwanonsu daban. Bari in ɗan ba ku abin da na rubuta kan Duna, sai ku yi hukunci da hujja.

Ni ɗan fari ne. Kun san alkunya irin ta mutanen da. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, mahaifina kuma ya ɗauki abin da zafi fiye da yawancin maza. Ba ya kallona ido cikin ido, ba ya zama inda nake. Lebura ne a wajen haƙar kuza, ya wuni da kwanon sarki a ka, ya dawo ƙafafunsa sun yi fari fat da laka, sun tsattsage saboda sanyi. In ya zauna bakin ƙofa yana shafa musu man kaɗanya, Duna zai zo ya kwanta gabansa, ni kuma ina rakuɓe a jikin katanga. Sai in ji ya ce, "Duna, ka gaya wa abokinka sanyin gobe ba na wasa ba ne, ya sa rigar nan mai kauri." Ko ya ce, "Duna, na ji an ce abokinka ya zo na ɗaya. Ka ce masa ya ƙara himma." Ni kuma in ce, "Duna, ka ce wa Baba takalmina ya tsinke." Washegari in tarar da takalmin an ɗinke an ajiye a bakin tabarmata. Shekara shida duk maganar da ke tsakanina da mahaifina ta kan karen nan ta bi.

Ina da shekara goma wani mahaukacin kare ya biyo mu a bakin kududdufin kuza, ni da ƙannena biyu. Duna ya tare shi, suka yi kare jini biri jini, ni ma na samu yagar haƙori a ƙauri. Aka kai ni asibiti aka yi ta yi mini allura a ciki, kullum ɗaya, har fatar cikina ta kumbura ba na iya ɗaura wando. Duna kuwa manyan bariki suka ce ba makawa a kashe shi. Mahaifina ya ce ba wanda zai taɓa masa kare, shi zai yi da hannunsa. Ya ja shi bayan tsibin ƙasar da aka haƙo, ya dawo shi kaɗai, ya zauna bakin ƙofa har gari ya waye bai ci tuwo ba. Daga ranar muka rasa ɗan aike. Sai da na yi aure kafin ni da shi muka sake yin magana mai tsawo.

To ku gaya mini, ta yaya zan rubuta mutumin nan in cire Duna?

Hajiya Binta: Innalillahi. Malam ka sa ni hawaye. Haka mahaifiyata take yi da yayanmu, sai dai ita da kyanwa take magana.

Dakta Rifkatu: Baba Garba sannu. A matsayina na likitar dabbobi ina roƙon kada ka taƙaita wannan babin, don zai ceci rai. Allurar cikin da aka yi maka tsohuwar riga-kafi ce, yanzu a dantse ake yi kuma ba ta kai wancan yawan ba. Amma ciwon haukan kare yana nan yadda ka san shi: da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a ciki. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. Abin da ke ba ni takaici, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a bayan gidanmu tun 1924, ana yin riga-kafin karnuka a can, amma sai ka zaga unguwa guda ba ka samu kare biyar da aka yi wa ba. Da Duna yana da riga-kafi, a yau ƙara masa wata za a yi a tsare shi a sa masa ido, ba lallai a kai shi bayan tsibi ba.

Malam Garba: 'Yata na gode, zan sa wannan. Shekara hamsin ina tambayar kaina ko akwai yadda za a yi ya rayu.

Shamsu: Baba na ji labarin Duna, kuma ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma wannan ai labarin mahaifinka ne. Ka sa shi babi ɗaya. Me ya kawo gina littafi duka a kansu?

Malam Garba: Barde ba shi da dogon labari. Shekara huɗu yana raka ni makaranta yana jira a gindin mangwaro, ran nan aka wayi gari babu shi. Mutanen ƙauyen suka ce masu sayen karnuka sun ratsa da dare, wataƙila ya tafi kasuwar Dawaki ta Kanke. Na hau mota na je, na bi keji keji ina kiran sunansa, ban gan shi ba. Shafi shida ne kawai. Nauyin littafin yana kan Barsu.

Maman Ummi: Tun ɗazu ina karantawa ina danne zuciyata, amma tunda an zo nan dole in yi magana. Malam, da na ga ka rubuta 2001 na san inda za ka. Ina girmama ka, kai ka koyar da ƙannena. Amma ranar Juma'ar nan, 7 ga Satumba, da rikicin Jos ya ɓarke, yayana ya fita masallaci bai dawo ba. Ba mu ga gawarsa ba har yau. Mahaifiyarmu ta rasu tana sa a bar mata ƙofa a buɗe da dare. Gidaje nawa ne a Jos, Musulmi da Kirista, da ke da irin wannan ramin? Ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Sai a ce littafin da zai fito daga hannun ɗanmu kan wannan kwanakin, kare ne a tsakiyarsa? Kai kare ka rasa, Malam. Mu mutum muka rasa. Ka yi haƙuri, abin ya yi mini ciwo.

Kawu Iliya: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Maganarki tana da nauyi 'yata.

Malam Auwal: Amin. Malam Garba, wannan ita ce tambayar da ta fi tawa wuya.

Malam Garba: Maman Ummi, Allah ya jiƙan yayanki, ya jiƙan Inna. Ba ki faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba. Ban haɗa ran kare da ran mutum ba, Allah ya tsare ni. Bari in gaya miki abin da ke cikin babin, in kin ga cin fuska ne, ki ce.

Da abin ya tashi muna unguwar da muka yi shekara goma sha huɗu a ciki, mu kaɗan ne Musulmi a layin. Muka fita da abin da ke jikinmu, yara biyar, ƙaramar a bayan uwarta. Barsu tana ɗaure da sarƙa a gindin gwaiba, don da rana nake ɗaure ta. Na wuce ta gabanta da gudu. Ta miƙe tana kaɗa wutsiya, tana zaton fita za mu yi. Kwance ƙugiyar nan ba zai ɗauke ni ƙiftawar ido biyu ba, amma ban tsaya ba. Kwana shida muna gidan ɗan'uwa a Gangare, mutum sama da talatin a tsakar gida ɗaya, ana ta kawo labarin wane ya mutu, wane ba a gan shi ba. Ni kuma ga kunya: duk sanda na rufe ido, hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba, shi ke zuwa mini. Ban iya gaya wa kowa ba. Wa zan tunkara da zancen karya a gidan da ake makoki?

Da aka ɗan samu sauƙi na koma da rakiyar soja in kwashe abin da ya saura. Gidan ba rufi. Sarƙar tana nan a gindin gwaiba, ba Barsu. Sai ga maƙwabciyarmu, tsohuwa ce 'yar coci, ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, tana nan wajena." Ashe a dare na biyu ta ji kukanta, ta sa jikanta ya haura ya kwance ta, a lokacin da taimakon gidan Musulmi kan iya jawo wa mutum bala'i. Gwaten da ta dafa wa jikokinta shi take zuba mata a murfin tukunya. Muka tsaya ni da ita, katanga a tsakani, ba wanda ya iya ambatar abin da ya faru. Maganar karya kawai muka yi: ta ci, ba ta ci ba, ƙafarta ɗaya tana ɗingishi.

Na tafi da Barsu sabon gida, ta gudu ta koma. Na ɗauko ta, ta sake komawa. Sau biyar. Kin san yadda garin nan ya rabu bayan nan, kowa ya koma cikin nasa, akwai layin da ba ka tsallakawa. Ni kuwa ina tsallakawa, saboda ina da dalilin da zan faɗa in an tare ni: karyata na zo nema. A ƙarshe na bar wa tsohuwar ita, nakan kai dusa da ɗan kuɗin cefane duk wata. Har rikicin 2008 da na 2010 suka zo suka wuce ban daina zuwa ba, ko da yake Barsu ta riga ta mutu. Da tsohuwar ta rasu na je gaisuwa, 'ya'yanta suka zaunar da ni cikin dangi.

A babin nan ne kuma na iya rubuta ranar da aka koma makaranta, na buɗe rajista na kira suna, yara huɗu ba su amsa ba. Shekara ashirin ina ɗaukar alƙalami in rubuta yaran nan kai tsaye, hannuna ya kama rawa in ajiye. Sai da na bi ta gindin gwaibar nan na iya isa wajensu.

Dakta Rifkatu: Baba, ni a irin wannan layin na girma, ta ɗaya ɓangaren. Maƙwabtanmu sun tafi ba mu yi sallama ba. Ka rubuta don Allah.

Shamsu: Ni ina da shekara uku a lokacin, abin da na sani duk ji ne. Ban taɓa jin wanda ya ba da shi haka ba. Amma Baba har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: kada kalmar kare ta hau bangon littafin. Mutanenmu bango suke fara gani, in sun ga kare ba za su buɗe ba, balle su kai ga tsohuwar.

Kawu Iliya: A'a. A ɓoye su a bango kamar abin kunya, bayan su suka ɗauko labarin? Ya sa sunayensu uku, Duna, Barde, Barsu. Wanda ya buɗe ya ga ko su wane ne.

Malam Auwal: Shamsu, ko a Bagadaza an yi malami, Ibnul Marzuban, da ya rasu shekara ta 309 bayan hijira, ya tara littafi sukutum kan amanar karnuka, kuma ya sa su a sunan littafin ƙarara. Amma maganar bango a bar ta sai an gama. Maman Ummi ce ba mu ji ta bakinta ba.

Hajiya Binta: Ku ba ta lokaci. Na kira ta, tana sallah.

Maman Ummi: Na dawo. Malam na karanta sau biyu. Ba zan ce maka ciwon ya tafi ba, kuma har yanzu da a ce ni ce mai alƙalamin, da mutum zan fara. Amma yaran nan huɗu, ka sa sunayensu?

Malam Garba: Sunan farko kawai. Biyu na samu iyayensu sun yarda, biyu ina kan nema.

Maman Ummi: To ina so in ga babin kafin kowa ya gani, tun yana rubutun hannu. In na ga inda karyar ta rufe mutane zan faɗa maka, kuma ba zan sassauta ba.

Malam Garba: Na yarda. Gobe zan shiga Taminus in yi hotonsa, shafi ashirin da uku ne. Asabar bayan la'asar zan kawo miki gida.

Maman Ummi: Ku zo tare da Hajiya, na daɗe ban gan ta ba. Ka taho da farar takarda ma. Zan gaya maka sunan yayana, da kalar rigar da ya sa ranar, da abin da ya ce wa Inna a bakin ƙofa.